Doguwar Fitilar Sidi Ƙarami

Sa'alaba, Jidda
9 ga Jimada Sani

Zuwa ga Abdulkahar ɗan Lami, a Kano.

Assalamu alaikum. Ina lafiya, sai gwiwa da kunne, su kuma ka san su. Ina fatan kun sauka lafiya, tunda babu wanda ya ga ya dace ya gaya min. Hajiya Azumi, mai zuwa sarin yadi a Bab Makka, ita ta ce ta gan ku, ita ce kuma za ta kawo maka wannan takarda. Kada ka sake aiko min da zancen waya. Ba na ji, kuma ba zan tsaya a tsakar gida ina "na'am? na'am?" maƙwabta suna dariya ba. Baƙaƙen Larabci da na tsinta a jikin allunan shaguna su na iya, da su nake rubuta Hausata. In sun gagare ka, akwai mai karanta maka a gidanka.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ka sauka a gidan nan da jaka ɗaya da takardar aikin asibiti, ka ce kai jikan ƙanin ubana ne. Ban nemi shaida ba. Na ba ka ɗaki, na ba ka 'yata Mastura, abu ɗaya na roƙa: kada ka raba ni da ita. Ka dafa ƙirji. Yau kwantiragi ya ƙare, an buga maka fita, ka kwashi matarka da 'yarka, ni kuma ka bar min ƙadangare.

To ga labarinsa, don amaryata Rim, ba don kai ba.

Yana nan da rai. Mai gemun nan da kuka sayo mata sati uku kafin ku tashi, wai likita ya hana ta kyanwa saboda asma, sai a ranar tafiya aka ce ba zai hau jirgi ba, ba shi da takardu. Ashe har ƙadangare sai da iƙama. Na zauna na duba kayan da ka jibge min a ɗaki. Akwatin gilashi ya fi gadon jariri tsawo. Fitila biyu: ƙwai ɗaya mai zafi, da wata doguwa mai haske dishi-dishi kamar ta ɗakin gawa. Ma'aunin zafi har biyu. Dutse, guntun itace, faifan ruwa, kwalbar wani farin gari, da kwalin gyare masu hana ni jin ɗan abin da ya rage min na ji. A Jidda fa! Garin da kwalta take narkewa a ƙarƙashin takalmi, a nan ake kunna wa ƙadangare fitila don ya ji ɗumi. Wannan shi ne karatun da ka yi.

Na ci damo a hanyar Madina tun Lami uwarka tana goye. Na san abin da ƙadangare yake so: bango, rana, a ƙyale shi. Amma a bakin ƙofa Rim ta kama hannuna ta ɗora a kan akwatin, ta kira ni yadda jikokin nan suke kiran kaka, ta ce, "Sidi, wa'ad?" Na ce, "Wa'ad," wato alkawari. Ta ce in riƙe mata shi lafiya lau har ta dawo. Shekara arba'in ina gasa tsire a bakin titin nan, ba a taɓa cewa Lado ya yi magana biyu ba, ba zan fara a kan jikata ba. Don haka ina kunna fitilun da safe, ina kashewa da magariba, yadda ta nuna min.

Ka gaya mata na ji sunan da ta sa masa. Sidi Ƙarami, wai don yana da gemu kuma ba ya dariya. Ka ce mata na gane, ta samu sabon miji ta yar da tsoho. Zan rama.

Lado

*

Kabuga, Kano
14 ga Rajab

Zuwa ga Baba Lado, tare da girmamawa.

Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa gwiwar. Mun sauka lafiya, a gafarce mu da jinkirin sanarwa. Ni nake faɗa, Mastura take rubutawa da baƙaƙen da kake karantawa. Tana gaishe ka ƙwarai, ta ce a tuna maka da maganin hawan jini.

Rim ba ta saba ba tukuna. A makaranta yara suna kwaikwayon Hausarta, suna kiranta 'yar Takari, sai ta daina buɗe baki a aji gaba ɗaya. Takardarka ce ta sa ta dariya karo na farko tun zuwanmu. Sau huɗu aka karanta mata. Ta zana Sidi Ƙarami ta manna a bango kusa da gadonta.

Ga abin da take roƙo a kiyaye. Gefe ɗaya na akwatin ya zama da zafi, ɗayan da sanyi, don in ya gaji da wannan ya koma wancan. Ganyen jarjir da kabewa a yanka masa ƙanana kullum, kada a ba shi albasa. Gyare a sayo a shagon dabbobi na Sharafiyya, kada a kamo masa kyankyason gida, sun sha maganin feshi. Kada a ba shi abin da ya fi tsakanin idanunsa faɗi. Kada a zuba masa yashi, yana haɗiyewa. A wanke hannu bayan an taɓa shi.

Baba, game da alkawarin da na yi maka, ban manta ba, kuma ban tafi da son raina ba. Mun ware maka ɗaki a nan, mai ƙofa zuwa waje. Shekaru sun ja, ba ka da kowa a can sai kabarin Umma. Ka dawo gida, ka ƙarasa kwanakinka cikin danginka.

A juya, akwai saura a baya.

Wannan shi ne mafi muhimmanci, Baba. Doguwar fitilar ba don haske aka sa ta ba. Tana fitar da wani abu irin na rana wanda ido ba ya gani, shi ne yake sa ƙashinsa ya yi ƙwari. Fitilar gida ba ta da shi, komai haskenta. Ranar da ta ratso gilashin taga ma ba ta da shi, gilashi yana tare shi. In ta mutu ko ta fashe, a shagon dabbobi kaɗai ake samun irinta, kuma ko tana ci ana sauya ta bayan wata shida. Farin garin kuma abincin ƙashi ne, a barbaɗa a kan gyaren kafin a ba shi. In ya rasa waɗannan biyun, ƙashinsa zai yi laushi a hankali. Alamar farko ita ce rawar yatsu.

Ɗanka,
Abdulkahar

*

Sa'alaba
26 ga Ramadan

Abdulkahar,

Salamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina lafiya, ina azumina, ban sha ko ɗaya ba, ka gaya wa masu jiran kwanakina su ƙare.

Na karanta takardarka har inda ka ce in dawo gida. A nan na tsaya, na ninke ta, na tura ƙarƙashin katifa. Wane gida? Ina da shekara huɗu aka shigo da ni ƙasar nan a wuyan ubana. Kano a bakin mutane na san ta. Matata tana kwance a nan, uwata a nan, ubana a Makka. Kai da ka karya maganarka, yanzu ni za ka ware wa ɗaki mai ƙofa zuwa waje, don a fitar da gawata ba tare da an ɓata muku falo ba? Halas. Kada in sake ganin wannan zance.

Labarin mijin Rim. Ya girma, ya kai tsawon damtsena har da wutsiya. Da safe yana hawa dutsensa ya baje kamar gurasa, ya wangale baki a ƙarƙashin ƙwan fitila. Ya yi saɓa sau biyu, na adana mata fatar a cikin gwangwanin shayi. Akwai abin da yake yi in na shigo: ya ɗaga hannu ɗaya a hankali ya juya shi, kamar tsohon attajiri yana gaida mutane daga cikin mota. Kuma in Hamad maƙwabcina ya ɗaga murya a waje, sai gemunsa ya kumbura ya yi baƙi ƙirin. Dabba ma ta san mutumin banza. Shekara ashirin bututun wankin Hamad yana zuba a gindin bangona, ka san zancen.

Duk Asabar ina hawa bas zuwa Sharafiyya sayen gyare. Ni Lado, da furfurata, a layi da yaran masu kuɗi ina sayen ƙwari. Da hannuna nake ba shi, ɗaya bayan ɗaya. Farin garin nan na daina sawa. Na ɗanɗana, alli ne kawai, ba gishiri ba ɗanɗano, kuma na ga yana goge baki a jikin dutse in ya ci.

Doguwar fitilarku ta fashe tun farkon Sha'aban, sandar goge-goge ce ta taɓa ta. Ban tsaya jiran kowa ba. Na ɗauki gutsuren na kai wa mai kayan wuta a Bab Makka, ya auna, ya ba ni daidai tsawonta. Wallahi haskenta ya ninka na taku, yanzu har ƙwayar idonsa ina gani. Na kuma ja akwatin kusa da taga don ya samu ranar Allah, ba ta kanti kaɗai ba. Ka ga ba sai da digiri ake riƙon amana ba.

Kwana biyun nan yatsunsa suna ɗan rawa. Sanyin mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗakin nan. Na kashe ta gaba ɗaya, ni nake zama cikin gumi da azumi a bakina. Ka gaya wa amaryata haka, ta san irin mijin da ta bari.

Lado

*

Kabuga
11 ga Shawwal

Baba,

Barka da Sallah, muna lafiya, Mastura tana gaisuwa. Ka yafe min gajarta gaisuwa, hankalina a tashe yake.

Don Allah, don Annabi, ka ɗauko takardar nan daga ƙarƙashin katifa ka juya bayanta. Fitilar da ka sayo ba ta yi masa komai. Rawar yatsun ba sanyi ba ce, ƙashinsa ne ya fara lalacewa. Ka je shagon da kake sayen gyare ka ce su ba ka fitilar masu gemu, ka koma ba shi garin, ka kai shi wurin likitan dabbobi a wannan satin. Na kira Hamad a waya na roƙe shi ya zo ya gaya maka da baki, ya ce ya je, ka rufe masa ƙofa tun bai gama sallama ba.

Ban karanta wa Rim ƙarshen takardarka ba. Zancen ɗaga hannu kawai ta ji, yanzu haka take gaida kowa a gidan. Abu ɗaya take roƙo: hotonsa. In Hajiya Azumi ta zo, ka bar ta ta shiga ta ɗauka da wayarta.

Hajiya ta ce an kusa rufe bizar Umara saboda aikin Hajji, ba ta da tabbacin tafiya. Allah ya sa wannan ta iso ka da wuri.

Abdulkahar

*

Sa'alaba
20 ga Muharram

Abdulkahar,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Takardarka ta Shawwal sai jiya ta iso, wata uku tana cikin jakar Hajiya.

Na ji abin da ka ce. Yana nan lafiya lau, yana ci yana sha. Hoto kuma ba za a ɗauka ba. Ɗakina ba kasuwa ba ne da mata za su riƙa shiga da waya. A Bab Makka na karɓi takardarka, a can zan ba da wannan.

An zo an shafa jan fenti a bangayen layinmu, har da nawa. Wai za a rushe. Mutane sun fara ɗaure kaya. Ni ina nan.

Ka gaida Rim.

Lado

*

Kabuga
17 ga Safar

Baba,

Bayan gaisuwa. Mastura tana gaishe ka, ta yi kuka da ta ji zancen jan fenti, kuma ba ta so rubuta abin da zan faɗa ba, ni na matsa mata.

Layi bakwai ka aiko bayan wata huɗu. Babu dutse, babu ɗaga hannu, ba ka ko kira ta amaryarka ba. Rim ta lura. Ta tambaye ni, "Baba, lesh, don me Sidi ba ya so in gan shi?" Sati biyu ke nan sai an yi da gaske take cin abinci, asmar ta tashi sau biyu, har mun kwana asibiti.

Zan faɗi abin da yake raina, in na yi rashin kunya a yafe min. Ina zargin ya mutu kana ɓoyewa, ko ka sayar, ko ka sake shi a bola ranar da ka ji haushin zancen ɗaki. Na san kana riƙe da ni, kuma ina da laifi. Amma ni ne na karya maka alkawari, ba yarinya 'yar shekara tara ba. In fansa kake nema, ga ni. Wata takwas Mastura tana gaishe ka a kowace takarda ba ka amsa ko sau ɗaya ba, ta haƙura. Rim ba ta kai shekarun wannan haƙurin ba.

Ko hoto, ko gaskiya. Ɗaya daga ciki muke roƙo.

Abdulkahar

*

Sa'alaba
23 ga Rabi'ul Awwal

Abdulkahar,

Salamu alaikum. Lafiyata ba ita ce zancen ba yau.

Ka ce na sayar. Ka ce na sake shi a bola. Na yi kwana uku takardarka tana kan tabarma ina kewaye ta. Da wani ne ya faɗa min haka, da shi da sallamata har kabari. Amma ƙarya na yi maka a Muharram, kuma maƙaryaci ba ya zaɓen abin da za a zarge shi da shi. To ga hoton, ga gaskiyar, duka biyun.

Tun bayan Babbar Sallah ya daina hawa dutsensa. Na ce ƙiba ce. Ya daina kama gyare, in ya kai baki sai ya kuɓuce. Na ce ƙoshi ne. Ya fara jan ƙafafun baya a ƙasa. Na ƙara masa haske, na sayo fitila ta biyu a wurin mai kayan wutar nan, na ɗaura masa. Ranar da Hajiya ta ba ni takardarka, a tsaye na karanta a bakin shagon yadi. Na dawo gida na ɗaga katifa. Tana nan yadda na ninke ta, wata shida. Na juya bayanta. Komai yana ciki, har rawar yatsun. Kullum a kanta nake kwana.

Washegari na naɗe shi a tawul na kai shi wurin wata likitar dabbobi a Sharafiyya. Ta sa yatsa ta taɓa muƙamuƙinsa na ƙasa, sai na ga ya lanƙwashe kamar guringuntsi. Ta sa shi a injin hoton ƙashi ta nuna min, ƙasusuwan kamar hayaƙi, da ƙyar ake ganinsu, bayansa ya karye a wuri ɗaya ba tare da ya faɗo daga ko'ina ba. Ta ɗaga murya don in ji, har mutanen da ke jira suka waiwayo: "Ya ammi, wa yake kula da shi?" Na ce ni ne. Ta ce tun yaushe ba shi da fitila? Na ce yana da biyu. Sai ta juya ta rubuta magani.

A ranar na rubuta maka cewa yana lafiya lau. Na ɗauka in na yi wata biyu ina ba shi magani zai miƙe, a ɗauki hoton, ba wanda zai sani.

Na sayi fitilar gaskiya. Kwana goma sha biyu ta yi tana ci, aka yanke wutar layinmu gaba ɗaya, don waɗanda suka ƙi tashi su tashi. Ba fitila, ba ɗumi, ba fanka. Na koma wurin likitar, ta ce rana tsirara ta fi kowace fitila, amma ba a cikin gilashi ba, zai dahu. Don haka kullum in rana ta ɗago sai in sa shi a ƙirjina in hau saman soro da gwiwar nan, matakala goma sha tara. In zauna in jingina, in kare rabin jikinsa da kwali, ya sha rana har ta fara cizo, mu sauko. Daga can ina kallon motar rusau tana cin layin masallaci. Abinci kuma ba ya iya tauna. A turmin da na yi shekara arba'in ina daka yajin tsire, na wanke shi sau bakwai, a ciki nake daka masa gyare da kabewa da farin garin, in ɗura masa da sirinji, ɗigo ɗigo. Wani lokaci ya haɗiye, wani lokaci ya zubo ta gefen da bakin ya karkace.

Rawar yatsun ta tsaya. Likita ta ce zai iya rayuwa. Ta ce bakin ba zai miƙe ba, ƙafafun baya ba za su dawo ba.

Jiya na kira Hajiya Azumi har gida, ta hau soron tana haki. Da ta gan shi sai ta yi salati. Na ce ki ɗauka yadda yake, kada ki kauce wa bakin. Ki nuna wa yarinyar.

Ka karanta wa Rim wannan duka, kada ka tsallake komai kamar yadda ka yi a baya. Ka ce mata ba ciwo ne ya zo masa daga Allah haka kawai ba. Ubanta ya rubuta, Sidi ya ƙi juya takarda.

Lado

*

Kabuga
19 ga Rabi'ul Sani

Baba,

Allah ya ƙara girma. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ina neman gafara. Mastura tana gaisuwa, tana tambayar inda za ka koma.

Na karanta wa Rim duka, yadda ka ce. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi wayar Hajiya ta daɗe tana kallo, ta buɗa hoton da yatsu a kan bakin, ta gangara kan ƙafafun, ta mayar wa Hajiya wayarta. Sai ta ce, da Hausa tsantsa, ba kalmar Larabci ko ɗaya, abin da ba mu taɓa ji daga bakinta ba: "Ya yi min alkawari, kuma ya ce lafiya lau."

Ta shiga ɗaki ta cire zanen daga bango. Ta ce kada a sake karanta mata takardar Jidda. Na ce ko layi ɗaya ta aiko maka, ta ce ba ta da abin faɗa. Uwarta ta yi mata faɗa, ta yi lallashi, ta tuna mata matakala goma sha tara. Sati uku ke nan, in an ambaci sunanka sai ta tashi ta bar wurin. Tana cin abinci yanzu, asmar ta lafa.

Na so in aiko maka da labarin da ya fi wannan, amma mun daina ɓoye wa juna.

Ɗanka,
Abdulkahar

*

Sharafiyya, Jidda
12 ga Jimada Sani

Zuwa ga Mastura.

Wa alaikis salam. Gaisuwarki ta Rajab na amsa, da ta Shawwal, da ta Safar, da ta Rabi'ul Sani. Tun takardar farko na san hannunki. Tun kina aji ɗaya kike danne alƙalami har ya huda takarda, uwarki tana faɗa. Ina shan maganin hawan jinin.

Gidan ya tafi. Ranar Talata aka ci shi, ban je kallo ba. Hamad ne ya zo da motar ɗansa ya ɗauki akwatin gilashin, shi ya riƙe gefe ɗaya har hawa na huɗu, bai ce min komai ba, ni ma ban ce ba, amma na zuba masa shayi. Ɗaki ɗaya na samu a saman wani bene, akwai wuta, ƙofata tana buɗewa kan soro. Shagon gyare yana ƙasan layi. Na sa mai shagon ya rubuta min ranar sauya fitila a jikin bango da manyan baƙaƙe.

Ki ce wa mijinki babu komai tsakaninmu. Zancen ɗaki kuma ya bar shi a buɗe, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Sidi Ƙarami ba ya hawa jirgi, kuma babu mai karɓar gurgun ƙadangare mai cin abinci da sirinji. Likita ta ce irinsu suna kai shekara goma. Ni da shi za mu ga wanda zai riga.

Rim kuma ku ƙyale ta. Kada ki sake yi mata faɗa a kaina, kada a ce mata tsoho ne, a tausaya masa. Gaskiyarta ce. Shirun nan na san shi, a gidana ta ɗauke shi. Hamad ya sha shi shekara ashirin, ke kin sha shekara guda, ba ki yi min komai ba sai bin mijinki. Yanzu ya zagayo kaina daga bakin da ba zan iya rufe wa ƙofa ba. Ban san tsawon nata ba. In irin nawa ne, ba zan ga ƙarshensa ba.

Daga yau labarinsa a bayan takarda zan riƙa sa shi. Kada a karanta mata, kada a ce mata akwai. Ki dai ajiye takardun a inda hannunta zai kai.

Ubanki,
Lado

A baya:

Rim. Yau ya kama gyare biyu da kansa, ƙanana, na uku ya kuɓuce. Ya yi saɓa, na sa fatar a gwangwani tare da sauran. Da na shigo da safe ya ɗaga hannun dama, bai kai rabi ba ya sauke. Ƙafafun baya babu labari. Ba lafiya lau yake ba. Yana da rai.

Sidi